Dashen sabon inji a tsohuwar mota: Yadda ake yi da abin da ke tattare da shi

Dashen inji shi ne a cire injin da mota ta fito da shi daga masana'anta, a ɗora mata wani wanda ba nata ba ne ta fuskar ƙira ko kamfani ko zamani. Ya bambanta da sauya inji da irinsa, inda ake sauke wanda ya buga a mayar da ɗan'uwansa a kan kujerun da ya tarar. A wajen dashe sai an yi yanka da walda, an sauya wayoyi da tiyo, wani lokaci har da giya. Mafi wuya a cikin nau'o'insa shi ne ɗora inji mai sanyaya da ruwa a motar da aka ƙera ta don iska ta sanyaya injinta, domin irin wannan mota ba ta da lagireto, ba a kuma tanadar masa wuri ba.

Batun ya sake tasowa a garejin kanikawa tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya. Motar Kwatano da ma'aikaci ko matsakaicin ɗan kasuwa ke iya saya a da, yanzu ta fi ƙarfin da yawa daga cikinsu. Saboda haka wanda ke da tsohuwar mota mai lafiyayyen jiki yakan tsaya ya yi lissafi: ya sayar da ita a kilo, ko ya nema mata sabuwar zuciya?

Hanyoyi biyu na sanyaya inji

Duk injin da ke ƙona mai yana haifar da zafi fiye da yadda yake haifar da motsi. A ƙiyasin da masana injiniya ke amfani da shi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man ne ke juya tayoyi, wani kashin ya fice ta salansa, na ukun kuma ya shiga jikin ƙarfen inji. Wannan kashi na uku tilas a fitar da shi, in ba haka ba fistin ya kumbura ya cije, inji ya tsaya cak.

Inji mai sanyaya da iska yana da siraran fikafikai na ƙarfe a jikin silinda, fanka tana hura musu iska, baƙin mai kuma yana kwashe wani ɓangare na zafin. Ba shi da lagireto ko famfon ruwa ko tiyon da zai fashe, shi ya sa gyaransa ke da sauƙi. Rauninsa shi ne zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana hawa da sauka gwargwadon yanayi da nauyin kaya, yana da ƙara, kuma ƙarfinsa yana da iyaka.

Inji mai sanyaya da ruwa yana da hanyoyi a cikin jikinsa inda ruwa ke zagayawa, ya ɗauko zafi ya kai lagireto, iska ta huce shi ya dawo. Ruwa ya ninka iska kusan sau huɗu wajen ɗaukar zafi idan nauyinsu ɗaya ne, ga shi kuma ya fi ta nauyi da ninki ɗaruruwa, don haka ruwa kaɗan yana yin aikin iska mai yawa. Tamostat, wata ƙaramar ƙofa da ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas, ita ke riƙe inji a zafin da ya dace da shi. Wannan daidaito ne ya ba masu ƙera motoci damar yin injuna masu ƙarfi da ƙarancin shan mai da hayaƙi.

Motocin da abin ya shafa

A Turai da Amurka, inda wannan sana'a ta fi bunƙasa, an fi yin ta ne a kan tsofaffin motocin Jamus masu inji a baya. Kamfanin Porsche ya fara fitar da samfurin 356 a shekarar 1948, sannan ya gabatar da 911 a 1963, dukansu masu sanyaya da iska. Ya ci gaba da hakan har zuwa 1998, lokacin da 911 mai sanyaya da ruwa ta maye gurbin tsohuwar gaba ɗaya. Samfurin 914, wanda aka ƙera daga 1969 zuwa 1976 da inji a tsakiyar mota, yana cikin waɗanda aka fi yi wa dashe, wasu da injin Subaru na Japan, wasu da injin Chevrolet mai silinda takwas. An fi zaɓar Subaru ne saboda silindojinsa a kwance suke suna fuskantar juna kamar na Porsche da Volkswagen, don haka yana shiga gurbin da sauƙi.

Shi kansa kamfanin Volkswagen ya bi wannan hanya. A farkon shekarun 1980 ya mayar da bas ɗinsa ƙirar T3 mai sanyaya da ruwa, ya sanya lagireto a gaba, inji a baya, dogayen bututu suka haɗa su. A Brazil an yi wa tsohuwar Kombi irin wannan sauyi a ƙarshen 2005, aka ci gaba da ƙera ta har Disamban 2013. Beetle kuwa ta ƙare rayuwarta da iska: an ƙera ta ƙarshe a Puebla ta ƙasar Meziko a Yulin 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21.

A Najeriya motocin tsere na gargajiya ba su yawaita ba, amma danginsu sun cika tituna a da. Kamfanin Volkswagen na Najeriya ya fara haɗa motoci a Ojo ta Legas a 1975, inda ya fitar da Beetle, wadda Yarabawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, da kuma Igala, ita ma mai inji a baya da sanyaya da iska. A wannan shekara ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta mayar da Peugeot motar hukuma, rancen mota kuma ya sa ma'aikata da yawa suka mallaki Beetle ko 504. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari a Jihar Sakkwato, ya riƙe shugabancin hukumar gudanarwar kamfanin Peugeot na Kaduna kafin ya zama shugaban ƙasa a ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Peugeot 504 da ruwa take sanyaya tun asali. An fitar da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975 da 1978, an kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan an daina a Faransa. Dashen da ake yi mata ya fi na Beetle sauƙi tunda tana da gurbin lagireto, amma sauran sharuɗɗan duk ɗaya ne.

Dalilan da ke sa a yi dashe

Dalili na farko a nan ƙasar shi ne kayan gyara. Fistin da zobba da kan silinda na injin da aka daina ƙerawa shekaru da yawa suna ƙara wuya, waɗanda ake samu kuma sau da yawa jabu ne. Akasin haka, injunan Toyota da Nissan da Golf na hannu suna nan a kasuwar Ladipo ta Legas, da Nkwo ta Nnewi, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, kuma kusan kowane bakanike ya san su.

Na biyu shi ne shan mai. Injin zamani mai injekta yana auna man da yake fesawa da taimakon kwamfuta, yayin da tsohon kafireto, musamman wanda ya sha hannu, yake zubawa a ƙiyasce. Na uku ƙarfi ne. Injin Beetle mai sisi 1,200 ƙarfin doki 34 ne, mai sisi 1,600 kuma kimanin 50, alhali injin Subaru mai lita 2.2 ya haura 130. Na huɗu shi ne na'urar sanyaya ɗaki, wadda ƙaramin tsohon inji ba ya iya ja ba tare da ya galabaita ba.

Matakan aikin

Mataki na farko shi ne haɗa inji da giya. Ramukan kusoshin sabon inji ba za su dace da na tsohuwar giya ba, sai an yanko faifan ƙarfe na mahaɗi a tsakaninsu, an kuma daidaita kuloci da babban faifan nan mai haƙora da ke bayan inji, wanda kanikawa ke kira filawil. Wannan aikin awo ne na injin sassaƙa ƙarfe, ba na ƙiyasin ido ba. Idan tsakiyar inji da ta giya suka saɓa ko da kaɗan, mota za ta riƙa rawa, kuloci ya ƙare da wuri, sandar giya ta ci kanta. Haka kuma giyar da aka yi don ƙarfin doki 50 ba za ta daɗe a ƙarƙashin 130 ba idan direba yana da nauyin ƙafa. A motar da ke da inji a gaba, irin 504, sau da yawa ya fi sauƙi a ɗauko injin tare da giyarsa, a gyara tsawon sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya.

Na biyu kujerun inji ne. Dole a ɗaure su a ƙashin motar, ba a jikin fallen bodi ba, kuma a sa roba a tsakani don ta shanye girgiza. A nan ne ake duba tsayin kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji. Wanda ya sauko ƙasa da yawa, ramin hanya ɗaya ko tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa shi, mai ya tsiyaye cikin mintuna.

Na uku, wanda shi ne ginshiƙin aikin, tsarin ruwa ne. A Beetle da danginta tankin mai da tayar safiya ne a gaba, don haka sai an sake tsara wurin, an huda ƙofar shigar iska, an kuma huda ta fitarta. Lagireton da iska ke shiga ba ta da mafita, da shi da babu duk ɗaya. Daga nan a ja bututu biyu na ƙarfe a ƙarƙashin mota daga gaba zuwa baya, a ɗaure su inda dutse ba zai same su ba. Dogon bututu yana tara iska a ciki, iska kuma tana hana ruwa zagayawa, shi ya sa ake sa tankin ajiyar ruwa a wurin da ya fi ko'ina tudu, da ƙananan ƙofofin fitar da iska. Wasu sukan ɗora lagireto a baya kusa da inji don guje wa dogon bututu, amma a can iskar tafiya ba ta isa sosai, nauyin duka sai ya koma kan fanka.

Na huɗu mai da lantarki. Kafireto yana buƙatar famfo mai rauni, injekta kuwa tana son matsin da ya kai wajen ba 3, da tiyo mai jure matsi, kuma a injuna da yawa da layin da ke mayar da ragowar mai tanki. Tsohon tiyon da aka bari a wannan layi yana iya haddasa gobara. Sannan sabon inji yana zuwa da ƙwaƙwalwarsa, wadda kanikawa ke kira birenbos, da wayoyinta da sansoshinta. Injuna da dama na zamani ba sa tashi sai ƙwaƙwalwar ta gane makullinta na asali, saboda haka mai saye ya karɓi inji da wayoyi da ƙwaƙwalwa da makulli daga mota ɗaya. Akwai al'adar cire injekta a ɗora kafireto don gudun wahalar wayoyi. Motar za ta tashi, amma an zubar da tsimin man da aka yi dashen dominsa.

Jarrabawar zafin Sakkwato

Tsarin ruwan da ya wadatar a Jamus ko Japan ba lallai ne ya wadatar a Arewa maso Yamma ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato yakan haura digiri 40. Lagireto yana aiki ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar waje. Idan ruwa yana digiri 90, iska tana 20, tazarar 70 ce; idan iska ta kai 42, tazarar ta koma 48, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin hucewar ya tafi. Motar da ta yi lafiya a zagayen gwaji cikin gari da sanyin safiya tana iya tafasa da azahar a babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega, musamman idan an cika ta da mutane da buhuna ranar kasuwa. Ƙa'idar ita ce a sa lagireton da bai gaza na motar da aka ciro injin daga cikinta ba, in da hali ma ya fi shi girma.

Ƙurar hunturu ita ma tana toshe siraran ramukan lagireto, sai an riƙa wanke su daga baya zuwa gaba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da sinadaran da ke daskarewa a cikin bututu kamar yadda suke yi a gindin butar shayi, suna kuma cin alminiyon da aka yi kan injin zamani da shi. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ke hana tsatsa. Murfin lagireto ma ba ado ba ne: matsin da yake riƙewa yana ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120, don haka murfin da robarsa ta mutu yana iya zama dalilin tafasa.

Akwai ɗabi'u biyu da suka yaɗu a garejoji: cire tamostat, da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta. Tsohon inji yana iya haƙuri da su. Injin zamani kuwa, idan bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwarsa tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara mai. A wasu injunan ma cire tamostat yana sa ruwa ya riƙa bin gajeriyar hanya ba tare da ya isa lagireto yadda ya kamata ba. Idan mota tana zafi, a nemi dalilin a girman lagireto ko toshewarsa ko iskar da ta maƙale, kada a ɓoye ciwon. Sakamakon tafasa ɗaya mai tsanani shi ne ƙonewar gaskit ko lanƙwashewar kan silinda, wanda gyaransa kan cinye ribar dashen duka.

Burki da nauyi

Ƙara wa mota ƙarfi ba tare da ƙara mata burki ba shi ne kuskuren da ake biya da rai. Ƙarfin da burki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na mai gudun 80 sau biyu da kwata. Yawancin tsofaffin Beetle burkin diram gare su, wanda ke saurin zafi ya daina kamawa idan aka yawaita taka shi. Masu yin aikin da kyau sukan sa burkin faifai a gaba, su sauya tiyon burki da shokozoba da tayoyi.

Nauyi ma yana sauya halin mota. Injin ruwa galibi ya fi na iska nauyi, idan kuma ya zauna a bayan tayoyin baya, gindin mota yakan nemi ya zarce gaba a kwana. A hanyar da dabbobi da babura ke tsallakawa ba zato, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sayen inji da takardu

Injin hannu ba shi da tarihin da ake karantawa a fuska, amma yana da alamu. A buɗe murfin baƙin mai: idan an ga kumfa mai launin madara, ruwa ya haɗu da mai. A cire fulogogi a kwatanta launinsu. A juya inji da hannu a ji ko yana tafiya sumul, a auna matsin kowace silinda idan akwai na'urar awo. A kuma yi yarjejeniya a rubuce kan kwanakin da za a iya mayarwa idan ya ƙi.

Kowane inji yana da lamba a jikinsa, kuma ana rubuta ta a takardun mota tare da lambar shasi. Idan ta jiki ta saɓa da ta takarda, mai mota na iya shiga tuhumar sata a shingen 'yan sanda, ko ya sami matsala da jami'an duba lafiyar ababen hawa da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Mafita ita ce a karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar inji da sunan shago, a je ofishin lasisin motoci na jiha a sabunta bayanan, a kuma sanar da kamfanin inshora. Injin da aka goge lambarsa, komai arharsa, a bar shi a inda aka gan shi.

Lokacin da dashe ya dace

Ga masu tara tsofaffin motoci a duniya, darajar mota tana cikin asalinta. Porsche ko Mercedes da lambar injinta ta yi daidai da wadda masana'anta ta rubuta ta fi wadda aka yi wa dashe tsada, ko da ta biyun ta fi gudu. Wannan ya shafi duk wanda ya gaji tsohuwar Beetle ko 504 mai cikakken jiki: kafin a sa mata wutar walda, a tuna cewa abin da aka yanke ba ya komawa yadda yake. Idan dashen ya zama dole, a ajiye tsohon injin a busasshen wuri, a kuma zaɓi hanyar ɗaurin kusoshi a kan ta yanka duk inda zai yiwu.

Ga motar neman abinci kuwa, lissafin na kuɗi ne, kuma kuɗin inji ɓangare ne kawai. Sai an haɗa da na mahaɗin giya, da lagireto da bututu, da famfon mai, da aikin mai wayoyi, da salansa, da burki, da takardu, da kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo komai. Dashe yana biyan kansa ne idan ƙashin motar ba shi da tsatsa, injin da aka zaɓa kayansa suna samuwa a kasuwar da ke kusa, kuma an sami bakaniken da ya taɓa yin irin aikin, wanda zai iya nuna motar da ya yi tana kan hanya bayan ta ga bazara ɗaya ko biyu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan uku ya ɓace, gyara injin asali ko neman irinsa ya fi zama alheri ga aljihu da kuma rayukan da motar za ta ɗauka.